Tsuntsun Da Kwastam Suka Ce Ƙarfe Ne

A watan Oktoba na 1926, wani jirgin ruwa ya sauke akwatuna a tashar New York ɗauke da ayyukan Constantin Brancusi, masassaƙi ɗan Romaniya mazaunin Faris. Abokinsa Marcel Duchamp ne ya rako kayan don a baje kolinsu. A ciki akwai wata tagulla siririya mai ɗan kumburi a tsakiya, tsawonta ya haura mita ɗaya, ta sha guga har tana ɗaukar ido. Brancusi ya ce tsuntsu ne a sararin samaniya, amma ba baki, ba fiffike, ba gashi, ba ƙafa.

Dokar Amurka ta yafe haraji ga kayan fasaha, sai dai tun 1916 wata kotu ta yanke cewa sassaƙa ba ta cika sassaƙa ba sai ta kwaikwayi halitta yadda ido ya san ta. Jami'an kwastam suka duba sama, suka duba ƙasa, ba su ga tsuntsu ba. Suka jefa shi cikin rukunin kayan ɗakin girki da na asibiti, suka yanka masa harajin da ake ɗora wa ƙirar ƙarfe, kashi 40 cikin 100 na kuɗinsa, wato sama da dala 200.

Wanda ya sayi tsuntsun shi ne Edward Steichen, fitaccen mai ɗaukar hoto. Tun 1839 da Daguerre ya fito da dabararsa ta ɗaukar hoto, kyamara ta fara karɓe aikin fitar da kamanni daga hannun masu zane da sassaƙa. Ga shi yanzu mai kyamarar ne ya tsaya kai da fata cewa fasaha ba ta tsaya a kamanni ba. Attajira Gertrude Whitney ta ɗauki nauyin lauyoyi don ƙalubalantar harajin, aka shiga kotu a watan Oktoba na 1927.

Aka girke tagullar a gaban alƙalai. Mai shari'a Waite ya tambayi Steichen ko da a daji ya ci karo da wannan abin, zai ɗaga bindiga ya harba? Steichen ya ce a'a, sai dai yana ganin tashin tsuntsu a jikinsa, da ƙarfinsa da saurinsa. Masassaƙi Jacob Epstein kuwa da hujja ya zo a hannu: sassaƙen shaho na tsohuwar Masar, mai shekaru dubbai, wanda shi ma ba a bi gashinsa ɗaya bayan ɗaya ba. Lauyan gwamnati ya so ya nuna cewa kowane maƙeri zai iya goge bututun tagulla ya yi ƙyalli. Epstein ya amsa cewa gugar zai iya, amma ba zai iya ƙirƙiro siffar ba. Brancusi da kansa ya ba da shaida daga Faris, ya bayyana yadda ya yi ta yanka da guga da hannunsa bayan an zuba narkakkiyar tagullar.

Gwamnati ta kira masassaƙa biyu 'yan tsohuwar makaranta, Robert Aitken da Thomas Jones, ƙwararru wajen fitar da surar ɗan Adam. Dukansu suka ce wannan ba fasaha ba ce.

A watan Nuwamba na 1928 aka yanke hukunci, Brancusi ya yi nasara. Kotu ta yarda cewa da wuya mutum ya ga tsuntsu a abin, amma ta ce sabon salo ya bayyana wanda ke neman nuna tunani maimakon kwaikwayon halitta, kuma ko alƙalai na son salon ko ba sa so, dole su lura da samuwarsa. Abin yana da kyau, yana da daidaito, ƙwararren masassaƙi ne ya yi shi, don haka babu haraji.

Hukuncin bai rage wa tsohuwar sassaƙa komai ba. Jones ne ya sassaƙa kabarin sojan da ba a san sunansa ba a Arlington, Aitken kuma ya ƙawata goshin ginin Kotun Ƙoli a Washington. Abin da aka ƙwace kawai shi ne ikon jami'in kwastam na cewa in bai gane abu ba, to ba fasaha ba ne.