Arahar da Ke Rufe Kantin Maƙwabci

A garin Conway na jihar Arkansas a Amurka, masu kantin magani uku sun maka kamfanin Walmart a kotu a farkon shekarun 1990. Kukansu shi ne katafaren kantin yana sayar da wasu magunguna da kayan tsafta ƙasa da yadda ya saro su, ta yadda mai ƙaramin kanti ko ya yafe ribarsa ɗungurungum ba zai iya sauka zuwa wannan farashi ba. A 1993 alƙali ya ba su gaskiya. Murnar ba ta je ko'ina ba, domin a 1995 kotun ƙolin jihar ta soke hukuncin, tana mai cewa sayar da wani kaya a faɗuwa don jawo masu saye bai isa ya nuna an yi niyyar kashe kasuwar wani ba.

Dabarar da ake jayayya a kanta tsohuwa ce, kuma kowane ɗan kasuwa zai gane ta. Mai jari mai ƙarfi ya karya farashi har ƙasa da uwar kuɗi, ya jure asara wata shida ko shekara, har ƙananan da ke kewaye da shi su kulle shaguna. Da fili ya zama nasa, sai ya yanka farashin da ya ga dama. Tsoron irin wannan babakere ne ya sa Amurka ta kafa dokar Sherman a 1890, kuma da ita kotun ƙolin ƙasar ta wargaza kamfanin man Rockefeller, wato Standard Oil, zuwa kamfanoni 34 a 1911. A 1936 aka ƙaro dokar Robinson-Patman saboda manyan kantuna irin A&P, wanda rassansa suka haura dubu goma sha biyar, yana matsa wa masana'antu su ba shi rangwamen da mai kanti ɗaya ba zai taɓa samu ba.

Dokokin suna nan har yau, amma kotu ta zare musu haƙora. A shari'ar Brooke Group ta 1993, wadda rikici ce tsakanin kamfanonin taba, kotun ƙolin ƙasar ta gindaya sharuɗɗa biyu. Mai ƙara zai nuna an sayar ƙasa da kuɗin da kayan suka ci, sannan ya nuna akwai ƙwaƙƙwarar alamar cewa wanda ya karya farashin zai mayar da asararsa daga baya ta hanyar tsawwala wa jama'a. Sharaɗi na biyun nan, a ganina, shi ne kuskuren. Ana neman mai kanti guda, wanda littafin bashinsa ya cika kuma kuɗin haya ke jiransa, ya tabbatar wa kotu abin da bai faru ba tukuna, alhali takardun lissafin suna hannun wanda yake ƙara. Idan ya jira farashi ya tashi don ya samu hujja, shagonsa ya riga ya rufe, ƙarar ta zama ihu bayan hari. Tun daga lokacin da wuya a ji mai irin wannan ƙara ya yi nasara.

Masu kare hukuncin suna da magana, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa araha alheri ce ga talaka, kuma idan aka riƙa hukunta duk wanda ya sauke farashi, 'yan kasuwa za su ji tsoron saukewa, mai saye ya kwana ciki. Gaskiya ne. Babban kanti yakan yi araha ta halal, domin yana sari tirela-tirela, yana da motocinsa da ɗakunan ajiyarsa, kuma babu dokar da ya dace ta hana shi wannan. Amma araha iri biyu ce. Akwai wadda ta fito daga iya aiki, akwai wadda ta fito daga zurfin aljihu kawai. Ta biyun ba ta nuna wanda ya fi iya kasuwanci, tana nuna wanda ya fi daɗewa yana zubar da kuɗi bai durƙushe ba.

Suna kuma cewa dabarar ba ta biya, don da zarar an ɗaga farashi sababbin 'yan kasuwa za su shigo. Labarin Amazon da Diapers.com, mai sayar da kunzugun jarirai ta intanet, ya raunana wannan zance. Amazon ya zaftare farashin kunzugu da kusan kashi 30 cikin ɗari, ƙaramin kamfanin ya kasa numfashi, a 2010 Amazon ya saye shi, a 2017 ya rufe shi. Wane mai jari ne zai ga haka ya sake zuba kuɗinsa a wannan layi? Kamfani mai rassa dubbai ba sai ya mayar da asara a kan kayan da ya karyar ba. Yana iya fanshewa a wani kaya, ko a wani gari, ko ta tsoron da ya dasa a zukatan masu niyyar shigowa, kuma ma'aunin kotun bai iya kama wannan.

Wasu ƙasashen ba su bi wannan hanya ba. A 2000 hukumar kula da gasa ta Jamus ta umarci Walmart da Aldi da Lidl su daina sayar da kayan masarufi irin su madara ƙasa da kuɗin sari, ba ta jira ƙananan kantuna sun mutu ba. Mai karatu da ya san Muwaɗɗa ta Imam Malik ma zai tuna labarin Sayyidina Umar da Haɗib ɗan Abi Balta'a, mai sayar da zabibi a kasuwa, wanda aka ba zaɓi tsakanin ƙara farashi da tashi daga kasuwar. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin da za a ciro daga labarin, amma ya nuna matsalar ta daɗe tana damun shugabanni.

Nijeriya ta samu cikakkiyar dokar gasa da kare masu saye a farkon 2019, tare da hukumar FCCPC, kuma dokar ta hana mai rinjaye a kasuwa amfani da ƙarfinsa wajen danne na ƙasa da shi. Kira ga hukumar da alƙalanmu shi ne, ranar da irin ƙarar Conway ta zo gabansu, su sa babban kamfani ya buɗe littattafansa ya bayyana dalilin sayarwa a faɗuwa, kada su ɗora wa mai ƙaramin kanti nauyin da kotun ƙolin Amurka ta ɗora masa a shari'ar Brooke Group ta 1993.