Yadda Shuka Ke Fama Da Ƙishirwa Da Rana A Kadawa

Wanda ya fito daga Kano ya bi hanyar Zariya cikin watan Afrilu, in ya wuce Kura ya doshi Kadawa, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba a irin wannan lokaci na shekara. Ga bazara ta kankama, itatuwa sun yi furu-furu da ƙura, amma gonaki kore shar, ruwa yana gudu cikin magudanansa. Ruwan nan daga madatsar Tiga ya ke, wadda aka ƙare gininta a kan Kogin Kano cikin shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, mutane ba su gama farfaɗowa daga farin 1973 ba. Da kansa ya ke gangarowa, ba inji ke turo shi ba, har ya shayar da ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam.

To, a tsakiyar wannan ni'ima an sha ganin wata gona wadda a ke hana wa ruwa da gangan. Magudana tana gefenta cike, an toshe bakin da ruwa ke shiga, masara a tsaye ganyenta ya naɗe kamar tabarma, ga waɗansu mutane suna bin kunya-kunya da takarda da alƙalami suna rubutu. Baƙo zai ce ɓarna ce ko wauta. Ba ko ɗaya. Wurin tashar binciken noman rani ce ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, kuma masanan da ke aiki a babbar cibiyar aikin gona ta Ibadan, wadda a ke kira IITA, sun riƙa kawo irinsu nan domin su gwada shi. Dalilin zaɓen wurin a fili ya ke. Da damina ba mai iya jarraba fari, domin ba mai ce wa hadari ya dakata. Da rani kuwa a Kadawa sama ba ta zubar da ko ɗigo, ruwa yana hannun mai buɗe magudana, in ya so ya ba shuka, in ya so ya hana ta, ya kuma ƙidaya kwanakin.

Kafin a fahimci abin da su ke nema, sai an san halin ganye tukuna. A jikin kowane ganye akwai waɗansu ƙananan kafofi, dubbai, ido ba ya ganinsu sai da madubin nan mai girmama abu. Ta nan shuka ke shaƙar irin iskar da mutum da dabba ke fitarwa in sun numfasa, ta haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo, ƙarfin hasken rana ya sarrafa su su zama sukari. Daga wannan sukari a ke samun kara da zangarniya da ƙwaya. Amma fa ƙofar da iska ke shiga, ta nan ruwa ke fita ya bi iska. Masana sun auna sun ga fiye da kashi tara cikin goma na ruwan da shuka ta sha ta nan ya ke tafiya. Ba hasara ce zalla ba, domin fitarsa ita ke sanyaya ganye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa da tsattsafowarta.

Idan ƙasa ta fara bushewa, shuka takan yi wani sinadari wanda aikinsa isar da saƙo, ya je wa kafofin nan su rufe. A shekarar 1969 waɗansu masana a Ingila suka ga yawansa yana ninkuwa cikin ganyen alkama da zarar ya fara yaushi. Rufewar nan tana tsare ruwa, labudda. Sai dai nan ne wahala ta biyu ke farawa, ita ce kuwa wadda mutane ba su cika lura da ita ba. An rufe ƙofa, iska ba ta shiga, aikin sukari ya tsaya, amma rana ba ta san an rufe ba, tana nan tana zuba haskenta. Misalinsa kamar injin niƙa ne da aka bari yana gudu alhali hatsi ya ƙare, duwatsun sai su koma cin junansu. Haka hasken da ba a sami abin yi da shi ba ya ke komawa ya ɓata wurin da koren ganye ke aiki, ya haifar da waɗansu abubuwa masu ci kamar tsatsa. Ganye ya koɗe, ya yi fari, bakinsa ya ƙone. Watau hasken da ke ciyad da shuka ranar da ta ƙoshi da ruwa, shi ne ke cutar ta ranar ƙishirwa. Saboda haka manomin da ya ce rana ta ƙone masa gona bai yi kuskure ba, sai dai rabin labarin ya faɗa.

Shuka ba ta zauna haka nan babu dabara ba. Masara da dawa da shinkafa naɗe ganye su ke yi, su rage fuskar da rana ke duka. Wake kuwa juya ganyensa ya ke, ya ba rana gefe maimakon fuska, har hasken ya riƙa zamewa. Waɗansu masana biyu a Kalifoniya ta Amurka, Shackel da Hall, sun bi wannan al'amari cikin 1979, suka ga waken da aka hana wa ruwa yana miƙe ganye tsaye in rana ta take, da yamma ya mai da shi yadda ya ke. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar wake da azahar ya ga wannan, ko da bai san sababinsa ba. A nan akwai fa'ida ga mai gona. Ganyen da ya naɗe da tsakar rana ya warware da la'asar sakaliya, kariya ce ya ke yi, da sauran ƙarfinsa. Wanda aka tarar a naɗe da sassafe, bayan ya kwana cikin sanyi, wannan ƙishirwa ta kai masa wuya.

Akwai kuma wata dabara ɓoyayya a cikin ganyen. In haske ya yi yawa, ganye yakan ƙaga wani launi rawaya, irin wanda ke cikin ƙwayar jar masara, aikinsa ya karɓi rarar hasken ya watsar da ita ta zama ɗumi kawai, kada ta yi ɓarna. Wata masaniya 'yar Jamus, Barbara Demmig, ita da abokan aikinta suka nuna wannan a 1987. Daga baya aka lura cewa ganye yana saurin ɗaga wannan garkuwa amma yana jinkirin sauke ta, in inuwa ta zo sai ya ci gaba da zubar da hasken da ya kamata ya ci. A 2016 masanan Jami'ar Ilinoi suka sa ganyen taba ya riƙa sauke ta da wuri, girmansa ya ƙaru da wajen kashi 15 cikin ɗari. Labari ne mai ban sha'awa, amma taba ce a Amurka, kada a ɗauka ya iso gonar kowa a Kura.

Sa'an nan tsirrai ba ɗabi'arsu ɗaya ba. Gero da dawa da masara da rake suna da wata hanya ta tara iskar nan cikin ganye su matse ta wuri ɗaya, saboda haka ko sun buɗe kafofinsu kaɗan ya ishe su, su yi aiki da rana mai ƙarfi, ruwan da su ke sha kuwa wajen rabin na waɗansu ne a kan nauyi ɗaya na abin da suka gina. Hatch da Slack suka bayyana hanyar a Ostireliya cikin 1966, a jikin rake. Alkama da shinkafa da tumatir da wake ba su da ita.

Mai karatu zai ce to ashe masara ta tsira. Ba ta tsira ba, domin rauninta a wani wuri ya ke, shi ne kuwa abin da aka je gwadawa a Kadawa. Masara namijinta yana ƙoli, shi ke zubo bununi, macenta kuwa goyon nan ne da ke gefen kara, kowane zare na gemunsa ƙwaya ɗaya ya ke wakilta, sai bununi ya sauka a kansa sa'an nan ƙwayar ta ƙullu. In ƙishirwa ta kama ta a wannan lokaci, gemu yakan yi jinkirin fitowa, bununi ya zube ya ƙare kafin ya leƙo. In zafi ya haura digiri 35, bununin kansa yakan lalace. Sai a sami kara ya yi tsawo, goyo ya fito, a ɓare a tarar da totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Don haka masanan su kan shuka cikin Fabrairu, domin furen ya faɗo cikin Afrilu sa'ad da zafin Kadawa kan kai digiri 40, su ba da ruwa sosai har fure ya kusa, sa'an nan su toshe magudana na 'yan makonni, su sake buɗewa. Suna rubuta ranar da bununi ya fito da ranar da gemu ya fito, da yawan ganyen da ya ƙone, a ƙarshe su auna hatsi. An buga sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje cikin 2018 da 2019, a ciki har da irin gargajiya da aka tattaro daga hannun manoman Gana da Togo da Burkina Faso, aka kuwa sami waɗansunsu da suka jure.

Babban abin da ya fito shi ne, ƙishirwa da zafi in sun haɗu ɓarnarsu ta fi ta kowane ɗaya shi kaɗai, kuma irin da ya jure ƙishirwa a wuri mai sanyi ba lalle ne ya jure ta cikin bazara ba. Dalilin ba ya da wuyar ganewa. Maganin zafi a wurin ganye shi ne ya buɗe kafofi ya yi gumi, maganin ƙishirwa kuwa ya rufe su, ba ya iya yin biyun a sa'a ɗaya. Saboda haka ɗan kasuwan da ke sayar da iri, in ya ga an rubuta a jikin buhu wai mai jure fari ne, ya kyautu ya tambaya a ina aka gwada shi, cikin wane wata kuma.

Labarin wake ya fi daɗin ji, domin a cikinsa irin gida ne ya yi suna. A tashar IITA ta birnin Kano, Dokta B. B. Singh, mutumin Indiya, da abokan aikinsa Mai-Kodomi da Terao na Japan, sun ƙago gwaji wanda kowane kafinta zai iya haɗa kayansa. Akwatin katako ne marar zurfi, bai kai taƙi ɗaya ba, a shimfiɗa masa leda, a cika shi da ƙasa da rairayi, a shuka wake iri-iri layi-layi. Rashin zurfin da gangan ne, domin kada mai doguwar saiwa ya yi wa saura wayo, a ga abin da ganye da kara kaɗai za su iya. Da ganye mai kunne uku ya fito sai a daina ba da ruwa, a riƙa ƙidayar masu mutuwa kowace rana, bayan marasa ƙarfi sun bushe a sake zuba ruwa a ga wa zai tashi. Cikin 1999 suka buga abin da suka gani. Masu jurewa kashi biyu ne. Waɗansu da sun ji fari sai su tsai da girma ɗungum, su rufe kome, su riƙe ruwan jikinsu duka suna jira. Waɗansu kuwa sai su janye ruwa daga tsofaffin ganyen ƙasa su kai wa toho, na ƙasa su bushe su zube, kan shukar yana nan da rai yana girma sannu-sannu, su ne kuma suka fi daɗewa. Wannan kashi na biyu su ne Ɗan Ila da Kanannado, waken da manoman ƙasar Kano suka daɗe suna ajiye irinsa shekara bisa shekara, ba su jira wani ya gaya musu sunan dabarar ba. Da aka jera amfanin gona iri-iri cikin akwatin, wake ne ya fi kowa daɗewa, waken soya ya riga kowa mutuwa.

Alkama ba ta bukatar dogon bayani. Sanyi ta ke so, don haka shawarar masu bincike ita ce a shuka ta tun tsakiyar Nuwamba, ta yi fure ta cika ƙwaya cikin hunturu. Wanda ya makara, ko don shinkafar damina ba ta tashi daga gonar da wuri ba, zafin Maris zai riske ta tana ɗanya, ta nuna da gaggawa, ƙwaya ta motse, buhu ya cika amma ma'auni ya ƙi yarda.

Tumatir kuwa masu saye a Kwanar Gafan sun fi kowa sanin aibinsa, ko da ba su kira shi da sunan da masana ke kiransa ba. Ganyen tumatir shi ne laimar 'ya'yansa. In an yi jinkirin ba shi ruwa ganye ya yi yaushi ko ya zube, rana ta sami ɗan a fili, sai gefen da ta duka ya yi fari ya lotsa kamar an ɗiga masa tafasasshen ruwa, daga nan ruɓa ke shiga. Jan launin nan ma da a ke so ba ya haɗuwa sosai in zafi ya wuce digiri 30 da 'yan kai, shi ya sa tumatirin ƙarshen rani kan fito da kafaɗa rawaya. Irin wannan in aka ɗora shi cikin kwando aka ɗaure a mota zuwa Ikko, kafin ya ƙetare Kwara ya jiƙa na ƙasa da shi, dillali a can ya kwance ya duba ya yanke kuɗi.