Sifawa: Ina Take, Kuma Me Ya Zaunar da Shehu Usmanu a Can?

Tambaya:

Ni mutumin Kajiji ne a ƙaramar hukumar Shagari, ina karantarwa a wata makarantar Islamiyya. Tun muna yara muke jin dattawa suna cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, amma a makaranta Degel da Sakkwato kaɗai ake ambata mana. Shin da gaske ya zauna can? Me ya yi a wurin? Kuma ya halatta mu kwashi ɗalibanmu maza da mata mu kai su ziyara?

Amsa:

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ɗan'uwa, dattawanku sun faɗi gaskiya. Shehu, Allah Ya jiƙansa, ya yi kimanin shekara biyar a Sifawa, alhali zamansa a Sakkwato bai wuce shekara biyu ba.

Inda garin yake

Sifawa tana cikin ƙaramar hukumar Bodinga a Jihar Sakkwato, kusa da garin Bodinga, kudu maso yamma da birnin Sakkwato. Daga birnin, tafiyar ba ta kai awa ɗaya a mota ba. Babbar hanyar da ta ratsa yankin ita ce wadda ta taso daga Sakkwato ta bi ta Bodinga da Shagari da Kajiji da Dogon Daji da Tambuwal, ta nufi Jega a Jihar Kebbi.

Ƙasar wurin jigawa ce mai rairayi. Damina gajera ce, galibi daga Yuni zuwa Satumba, sai kaka, sai hunturu da hazonsa, sannan zafin bazara. Gero da dawa da wake su ne abin noman tudu, a fadamu kuma ana samun shinkafa da albasa. Noma da kiwo su ne sana'ar mutane tun kaka da kakanni. Abin lura shi ne garin yana tsakanin Sakkwato da Gwandu, kuma waɗannan biyu su ne suka zama cibiyoyin daula.

Yadda Shehu ya iso

An haifi Shehu a Maratta a 1754, ya girma ya karantar a Degel cikin ƙasar Gobir. Da zama ya yi tsanani tsakanin jama'arsa da Sarkin Gobir Yunfa, sai ya yi hijira zuwa Gudu a watan Zulƙida 1218, wato Fabrairun 1804. A watan Yuni na shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto. Daga nan jama'a ba ta sake samun zama wuri ɗaya ba, har ta sauka Sabon Gari a Zamfara, sannan Gwandu a 1805.

A 1808 aka ci Alkalawa, babban birnin Gobir, Yunfa ya mutu a yaƙin. Da ƙura ta lafa, Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato a 1809. Wajen 1810 Shehu ya bar Gwandu ya sauka Sifawa, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya zauna kusa da shi a Bodinga. Yankin kuwa na jama'a ne: Muhammadu Moyijo yana Yabo, daga baya Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna Tambuwal.

Abin da aka yi a Sifawa

Na farko, a zaman Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar mulki biyu. Yamma ya danƙa wa Abdullahi, gabas ya danƙa wa Bello. Wannan shi ne asalin abin da aka sani daga baya da ɓangaren Gwandu da ɓangaren Sakkwato. Shi kuwa, duk da yake shi ne Amirul Muminina, sai ya koma ga abin da ya fara da shi, wato karantarwa da wa'azi da rubutu. Malamai da almajirai suka riƙa tahowa daga nesa, ƙauye ya cika da masu neman ilimi.

Na biyu, rubuce-rubuce. Matsalolin lokacin ba irin na Degel ba ne. A da tambayar ita ce yaya Musulmi zai zauna ƙarƙashin sarkin da ya hana shi addininsa. Yanzu mulki ya dawo hannun jama'a, ga ganima, ga muƙamai, ga saɓani. Malam Abdullahi ya tsananta a kan wasu abubuwa da ya ga sun yi kama da al'adun sarakunan da aka yaƙa, kamar kiɗa da tufafin ƙawa da laƙabin sarauta. Shehu kuma ya karkata ga sauƙaƙawa a inda malamai suka yi saɓani, yana hana mutane gaggawar aibata juna. A waɗannan shekaru ya rubuta *Sirajul Ikhwan* a 1811 da *Najmul Ikhwan* a 1812. A cikin na biyun ne ya kwaɗaitar da ɗalibai su karanta littattafan malaman zamaninsu, ya ambaci na Abdullahi da na Bello da nasa.

Su ma ba su zauna ba. Bello ya kammala *Infaƙul Maisuri* a 1812, Abdullahi ya rubuta *Tazyinul Waraƙati* a 1813, ya kuma kammala tafsirinsa *Diya'ut Ta'awili* a 1231 bayan hijira. Mafi yawan abin da muka sani game da jihadin daga littattafan nan biyu na farko ya zo mana.

A 1815 Shehu ya koma Sakkwato. Ya rasu a can ranar 3 ga Jimada Akhir 1232, daidai da 20 ga Afrilu 1817, kuma kabarinsa yana Hubbare. Bayan rasuwarsa Bello ya gaje shi, Abdullahi ya bar Bodinga ya koma Gwandu. Da malamai suka bi shugabanninsu, sai Sifawa ta koma garin manoma kamar maƙwabtanta.

Hukuncin kai ɗalibai

Babu laifi, abu ne mai kyau ma, idan manufar ita ce ilimi da ɗaukar darasi. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da yawa da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda al'amarin magabata ya kasance. Sai dai a kiyaye abu uku.

Kada a ƙudurce cewa salla ko addu'a a can ta fi ta wani wuri lada. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya keɓe wannan irin tafiya ga masallatai uku: na Makka, da na Madina, da na Ƙudus.

Kada a ɗebo ƙasa ko a shafi bango ko itace don neman waraka. Shehu da kansa ya yi inkarin girmama itatuwa da duwatsu a *Nurul Albabi*.

Kada kuma a bar 'yan mata a gida, matuƙar iyayensu sun yarda kuma akwai malamai mata tare da su. A wannan littafin dai Shehu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Shawarata ita ce kafin ku tashi ku karanta musu wani abu daga littattafan da aka rubuta a wancan zamani. In kun isa, ku fara gaida hakimi da limaman garin, ku nemi dattijon da zai zagaya da ku.

Allah Ya jiƙan Shehu da mataimakansa, Ya amfane mu da iliminsu. Allah ne Mafi sani.