Lokacin Shiga da Lokacin Tashi

A zamanin da, Fagge zango ne na fatake a bayan ganuwar Kano. Nan ayarin raƙuma ya kan sauka, nan kuma ya kan yi shirin tashi. Madugu shi ke sa rana. In wani ya makara wajen ɗaurin kaya, a kan dakata masa, ko kuwa ya bi sawu ya tarad da ayari a zango na gaba.

A cikin shekarar 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, a 1912 kuma aka buɗe ta har Ikko, watau Legas. Ba da daɗewa ba aka kafa Sabon Gari, inda ma'aikatan jirgi da sauran baƙi suka zauna. Daga nan mutanen Fagge da na Sabon Gari suka san irin tafiyar da agogo ke mulki. In an busa usur, jirgi ya tashi ke nan, ko da wa aka bari.

Daga Kano zuwa Ikko wajen mil 700 ne. Ɗalibai da ma'aikata masu zuwa Ingila su kan bi wannan hanya, su sauka Ikko, su shiga jirgin ruwa a Apapa. Kamfanin Elder Dempster yana da wani jirgi mai suna Aureol, wanda ya fara aiki a 1951. Ya kan yi wajen mako biyu kafin ya kai Ingila. Wanda jirgin ƙasa ya bari a Kano, ya yiwu na ruwa ma ya wuce shi, sai ya jira wani.

To, jirgin ruwa lokaci biyu gare shi: lokacin shiga da lokacin tashi. Na shiga shi ke fara cika. Dalili kuwa, akwai aiki mai yawa a tsakaninsu. Sai an duba tikiti da fasfo na kowa, an loda kaya, an ƙidaya fasinja, an ba hukumar tasha sunayensu. Sa'an nan a janye tsanin da ake hawa, a kwance igiyoyin da suka ɗaure jirgi. Wani gwani da ya san mashigin ruwan wurin shi ke jagora har a fita teku, shi ma da lokacinsa. A waɗansu tashoshi kuma sai an jira ruwa ya cika, don kada jirgi ya kafe. Bayan haka ga wani jirgin yana jiran wurin tsayawa.

Jiragen sama sun karɓe wannan tafiya, har Aureol ya daina zuwa Ikko a 1974. Amma a ƙasashen duniya akwai manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa, masu ɗaukar dubban mutane, ƙa'idar kuwa ba ta sake ba. Yawancinsu su kan rufe ƙofa da saura awa ɗaya ko biyu a tashi. In tikiti ya ce tashi ƙarfe 5 na yamma, mai zuwa ƙarfe 4 da rabi zai ga jirgi tsaye a gabansa, amma ba halin shiga. Sau da yawa kuɗinsa sun tafi ke nan.

Saboda haka matafiyi mai hankali lokacin shiga ya ke dubawa. Ya kan ɗaure kayansa tun da dare, ya ajiye takardunsa wuri ɗaya, ya yi sammako. In garin da tashar ta ke yana da nisa, sai ya kwana can. Hausawa sun ce da sanyin safiya a ke kama fara.