Yadda Ƙirar Firam Ke Sauya Tafiyar Keke

Firam ɗin keke alwatika biyu ne da aka haɗa da bututun ƙarfe. Tun bayan da John Kemp Starley ya fito da kekensa Rover a birnin Coventry na Ingila a 1885, wannan siffa ta kankama, har yau kuma ba ta sauya sosai ba. Bambancin kekuna yana cikin tsawon bututun da yadda suka karkata. Shi ya sa keken da ke ɗauko albasa daga gonakin rani na Bakolori zuwa kasuwar Talata Mafara yake tafiya daban da keken tseren da matasa ke saye a gwanjo.

Abu na farko shi ne karkatar wuyan keke, wato gajeren bututun da fok, ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, yake juyawa a cikinsa. A keken tsere wuyan yana tsaye, kusan digiri 73 daga ƙasa. A manyan kekunan kaya irin su Raleigh, da Phoenix na Sin, da Hero na Indiya, ya fi kwanciya, yakan sauka ƙasa da digiri 70. Idan aka ja layi ta cikin wuyan har ƙasa, zai sauka a gaban inda taya ta taɓa ƙasa. Wannan 'yar tazara, wadda a keken tsere ba ta cika wuce santimita 6 ba, ita ke sa tayar gaba ta riƙa bin hanya da kanta, kamar akuyar da ake ja da igiya. In tazarar ta ƙaru, keke yakan miƙe sosai a guje, amma kan yakan yi nauyi, yana faɗawa gefe idan ana tafiya a hankali. In ta ragu, kan yakan yi sauƙi fiye da kima, motsi kaɗan ya karkace. Lanƙwasar da ke bakin fok ba ado ba ce. Da ita maƙeri yake daidaita wannan tazara.

Sai nisan da ke tsakanin tayoyin biyu. A keken tsere kusan mita ɗaya ne, a na kaya kuwa ya haura santimita 110, ga taya mai inci 28. Tsawon nan yana rage jijjiga a hanyoyin burji na ƙauyukan Bakura da Maradun, yana kuma bai wa kariyar ɗora kaya wurin zama. Mai ɗora buhun shinkafa ya san cewa in nauyin ya zarce tsakiyar tayar baya, gaban keke sai ya yi sakayau, ya fara rawa, wani lokaci ma ya ɗaga. Firam mai dogon baya yana barin buhu ya zauna daidai kan taya, dugadugan mahayi ma ba sa bugunsa. Saboda haka yi wa keken tsere waldar kariya don a ɗora masa jarkokin ruwa ganganci ne, domin bayansa gajere ne, ba a ƙera shi don wannan aiki ba.

Bututun sirdi ma yana da nasa tasiri. Idan ya kwanta baya, mahayi yana zama a miƙe, nauyinsa a kan sirdi. Idan ya tsaya, jiki yana zuwa bisa feda, a duƙe, ƙarfi ya fi shiga amma hannuwa da wuyan mahayi ne ke ɗaukar gajiyar.

Karo yana lalata duk wannan awo ba tare da ƙarfe ya karye ba. Fok ɗin da ya koma baya yana gajarta keke, har yatsun ƙafa su riƙa taɓa taya a kwana. Wanda ya goce gefe kuwa yana sa keke ja ɓangare ɗaya. Masu gyara kan ɗaura zare daga wuya, su zagayo da shi ta ƙarshen firam zuwa ɗaya gefen, su auna tazararsa da bututun sirdi hagu da dama. In ba su zo ɗaya ba, firam ya murɗe. Ƙarfe yana karɓar miƙewa in lanƙwasar kaɗan ce, amma firam ɗin alminiyam yakan tsage, don haka sauya shi ake yi.