Kafin ka kwance lens ɗin idon kifi, karanta wannan

Mako biyu ke nan wani saƙon murya yana yawo a zaurukan WhatsApp na masu ɗaukar bidiyon biki, ni kaina ta hannu uku ya iso mini. Mai maganar yana koya wa mutane yadda za su "gyara" ƙofar haske, wato afaca, ta tsofaffin lens ɗin idon kifi, irin waɗanda ke kwaso zaure gaba ɗaya su lanƙwasa gefunansa. Wanda ya fi ambata shi ne Zenitar mai milimita 16, f/2.8, ƙirar masana'antar KMZ da ke Krasnogorsk kusa da Mosko, wanda ake samu na hannu da sauƙin kuɗi. Da farko ban yi niyyar tanka masa ba, sai da ƙanen wani abokina ya shigo mini da nasa a leda, ganyayyakin ƙarfen ƙofar kuma a cikin kwalin ashana, biyu sun lanƙwashe. Ya ce, "Yaya, cewa aka yi zai koma f/1.4, ga shi ina da dina ranar Asabar." Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa fama da duhun zauren biki ya san abin da ya ja shi.

To wannan ita ce maganar da ta fi ɓarna, kuma ƙarya ce: wai idan ka cire ganyayyakin nan haske zai ƙaru, har bayan amarya ya dushe kamar a fim. Lambar f lissafi ce, ba a zaɓar ta don ado. Ana raba milimitar lens da faɗin ƙofar kamar yadda ake hango ta daga gaba. Raba 16 da 2.8, za ka samu wajen milimita 5.7. Kafin a kai f/1.4 sai faɗin ya ninka ya haura milimita 11, hasken kuma ya ninka sau huɗu. Daga ina wannan faɗin zai fito? Ɗauki lens ɗinka, juya zoben ƙofar zuwa 2.8, ka leƙa ta baya kana fuskantar taga. Za ka ga ganyayyakin sun riga sun janye gefe, sun ba haske hanya. Abin da ke iyakance hasken a nan shi ne girman gilasan ciki da zoben da ke riƙe da su, kuma sukudireba ba ta ƙara wa gilashi faɗi. Ko mutum ya kai ga kankare zoben, ɗan abin da zai samu hasken gefe ne wanda masu ƙirar suka tare da gangan, domin hazo yake sa wa hoto.

Asarar kuwa a fili take. Gaban idon kifi a kumbure yake, ba ya ɗaukar filtar rage haske da ake ɗaura wa sauran lens a gaba. Saboda haka ƙofar nan ita ce babban makaminka idan rana ta take. Mai ɗaukar bidiyo a kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, da ISO 100, da tsakar rana, yana bukatar wajen f/22. Tsakanin f/2.8 da f/22 akwai ninkin haske sau 64. Wanda ya cire ganyayyaki ya ɗaure kansa a 2.8 har abada: ko farar shaddar ango ta ƙone fat a hoto, ko ya ƙara saurin ɗauka har motsin mutane ya riƙa tsalle-tsalle. Ga kuma kaifi. Zenitar a buɗe gaba ɗaya kusurwoyinsa ba su da kaifi, sai an matse shi zuwa f/8 yake nuna ƙwarewarsa. A nan ne idan ka saita shi a wajen mita ɗaya, a kyamara mai cikakken sensa, komai zai fito tas tun daga rabin mita har iya ganinka. Wannan ita ce baiwar da ake sayen sa dominta.

Batun dushewar baya ma ba a nan ake neman ta ba. Ko a f/2.8, idan ka saita a mita uku, daga mita ɗaya da rabi zuwa ƙarshen zaure kusan duk a fili za su fito. Mai son baya ya narke ya nemi milimita 50 ko 85. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mai saƙon bai nuna ko hoto ɗaya na kafin da bayan aikin ba, murya kawai ya sake, mutane kuma suka yi ta turawa babu wanda ya ce a gani a ƙasa. Ganyayyakin nan sun kusa siririn takarda, kowanne yana rataye ne a ɗan ƙanƙanin fil, kuma wanda ya lanƙwashe da wuya ya sake miƙewa daidai. Gyaran na yaron nan sai dai a samo wani mataccen lens irinsa a ciro.

Amma a yi adalci, ba duka saƙon ne ƙarya ba, shi ya sa ma aka yarda da shi. Gaskiya ne cewa Zenitar mai mazaunin M42 yakan ƙi matsewa a kyamarar zamani ko ka juya zoben har ƙarshe. Ba lalacewa ya yi ba. Akwai ɗan tsinken ƙarfe a bayansa wanda tsofaffin kyamarori irin su Zenit ke dannawa a daidai lokacin ɗauka, sannan ƙofar ta matse. Danna shi da farce ka gani da idonka. Maganin shi ne adafta mai leɓe a ciki, wadda ke danne tsinken da zarar ka murɗa lens ɗin. Mai saƙon ya ce a liƙe shi da sufa gulu. Zai iya riƙewa, amma tururin gam ɗin yana barin farin dusa-dusa a kan abin da ke kusa, ga shi kuwa gilashin baya yana dab da wurin. Farashin adafta bai kai wannan kasadar ba.

Gaskiya ne kuma ana iya cire ƙaras-ƙaras ɗin zoben domin ya riƙa juyawa sumul lokacin ɗaukar bidiyo. Wata 'yar ƙwayar boris ce da sifirin a ƙarƙashin zoben ke kawo shi. Idan an cire ta babu abin da ya taɓa haske, kuma ana iya mayar da ita, in dai ba ta yi tsalle ta ɓace ba. A yi aikin a cikin faranti ko kan farin zane, a adana ta.

Sauran maganganun ba su cancanci dogon bayani ba. Matse ƙofa ba ya miƙar da lanƙwasar idon kifi, domin lanƙwasar daga ƙirar gilasan take. Ɗiga man keken ɗinki a ganyayyakin da suka maƙale ƙara ciwo ne: a bushe aka yi su su yi aiki, kuma sau da yawa giris ɗin zoben saiti ne ke narkewa da zafi ya malalo kansu ya kama su, balle an bar jaka a mota da rana. Wankewa suke bukata a hannun mai gyara. Ƙaramar farar filtar da ke murɗe a bayan Zenitar kuwa tana cikin lissafin gilasan, cire ta yana ɓata saitin nesa, ɗan hasken da take ci kuma bai taka kara ya karya ba.

Yaron nan aro ya yi ya ɗauki dinarsa. Idan saƙon ya iso wayarka, don Allah kada ka tura shi gaba, wanda ya turo maka kuma ka gaya masa ya leƙa lens ɗinsa a 2.8 kafin ya taɓa noti ko ɗaya. Duhun zaure fitila yake bukata.