Ruwan Gulbin Rima da Halin Unguwar Rogo

Mutumin Unguwar Rogo a birnin Sakkwato ya san ruwa da fuska biyu. Da bazara yakan tsaya bakin zaure yana jiran ɗan garuwa da kurarsa ta jarkoki, almajirai kuwa tun kafin assalatu suna zagaya gidaje neman na alwala. In Agusta ta kama, ruwan nan da aka yi ta roƙo shi ke kutsowa cikin shago, ya jiƙa buhunan attajiri, ya ci gindin katanga.

Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, bisa tudu ya aza shi, kusa da inda Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suka haɗu. Fadama kuwa aka bar wa manoman shinkafa da masunta, gama kowa ya san rabon gulbi ce. Magina na dā, inda suka haƙi ƙasar gini nan kududdufi ke zama, in an yi ruwa ya gangara can ya kwanta, ƙasa ta sha, rijiyoyi su samu. Da jama'a ta yawaita sai gari ya fita bayan ganuwa, gonaki suka koma unguwanni. Aka cike ramuka da shara aka yi gini a kansu, aka shafe tsakar gida da siminti. To, ruwa ba ya manta hanyarsa. Wanda dā ƙasa ke shanyewa, yanzu sai ya hau titi, lambatu kuwa ya toshe da leda da rairayi.

Har wa yau saman ma ya sake hali. A 2017 waɗansu masana suka bayyana cewa manyan hadura masu zubar da ruwa a lokaci guda sun ninka sau uku a ƙasashen gefen Sahara tun daga 1982, saboda ƙaruwar zafin hamada. Watau ruwan da dā yakan zo kaɗan kaɗan, yanzu yakan zuba cikin dare ɗaya.

Amma babban al'amari yana can gabas, a madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 bisa Gulbin Rima. An yi ta don ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Ita ke saki wa gulbi ruwa da rani, famfunan birni su ja, masu albasa da tafarnuwa su yi ban ruwa. Mai tsaron irin wannan madatsa yana tsaka mai wuya ko wace shekara. In ya saki ruwa da wuri, damina kuma ta ɗauke, gari ya shiga ƙishirwa. In ya riƙe, aka yi ruwa mai yawa, ya tara wa na ƙasa da shi masifa.

Duka biyun sun auku. Cikin Satumba 2010 madatsar ta cika maƙil, ruwa ya kwararo, ya cinye ƙauyuka da gonaki a ƙasashen Goronyo da Wurno da Kware, dubban mutane suka rasa matsuguni, amfanin gona ya tafi ana dab da girbi. Gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta karye, malamai da ɗalibai sai da jirgin ruwa. Shekara takwas bayan wannan, a 2018, sai ga madatsar ta janye har saura kashi ɗaya cikin goma. Ma'aikatanta suka ce daminar 2017 ta gaza, laka kuma ta taru a cikinta shekara da shekaru ba a yashe ba. Abin lura shi ne, lakar nan ita ce ke rage wurin ajiya da rani, ita ce kuma ke sa madatsa ta cika da sauri da damina.

Akwai wata ɓarna da ba a cika ambatonta ba, malamai kuwa su suka fi kowa sanin hukuncinta. A unguwa mai cunkoso, rijiya da salga sukan yi maƙwabtaka, taku kaɗan tsakaninsu. In ambaliya ta kwanta a tsakar gida sai ta haɗa su. Ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya sake da najasa, ba ya tsarki. Amma likitoci sun ce ƙwayar amai da gudawa takan zauna cikin ruwan da ido ke gani garau, ba wari ba launi, sai an tafasa shi ko an sa masa magani. A shekarar ambaliyar nan ta 2010, cutar ta kashe mutane fiye da dubu a Nijeriya, galibinsu a jihohin Arewa.